Ƙafa ta Uku

A Kaynaşlı, gindin dutsen Bolu,
hazo ba ya sallama.
Da la'asar yake gangarowa daga daji,
ya haɗiye gada, ya haɗiye hasumiyar masallaci,
ya bar wa direba kwalta kamu biyar, ya ce yi maneji.

Babana Nevzat, shekara talatin da ɗaya
yana hawa yana sauka da gumaguman katako.
Sau biyu a watan nan ya kwana bai kashe fitilun hazo ba,
gari ya waye batir ya mutu murus,
ya tsaya bakin titi yana roƙon yaran da ya koya wa tuƙi
su ɗana masa wuta.
Shi bai faɗa min ba. Mama ce ta faɗa,
tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

Ran Lahadi na zo da jakar aikina
da makunni sabo fil a leda,
mai ɗan ido ruwan ɗorawa a tsakiya.

Kan batir na fara kwancewa.
Ya ce, "Wa ya koya miki?"
Na ce, "Wanda ya taɓa ƙone gashin bakinsa."
Ya yi tari, ya je ɗora shayi.

Jar waya mai kauri daga batir,
fis a kusa, tazarar taki ɗaya,
sai rile, ɗan baƙin akwati mai ɗaukar nauyin wuta
don kada makunni ya narke.
Siririyar waya kuma na zura ta ramin roba
ta ɓullo ƙarƙashin sitiyari,
inda na kwanta rigingine, tocila a baki,
cikin warin gas da tsohuwar taba.

Ƙafa uku gare shi.
Ɗaya ta karɓa, ɗaya ta miƙa.
Na juya su a gaggauce,
sai idon ya kama, a kunne ko a kashe, ya ƙi rufewa.
Baba ya ce, "Bar shi, Gülizar, ya riƙa taya ni hira."
Na ce zai tsotse batir kamar kaska.
Na sauya.

Na danna. Rile ya ce ƙas.
Fitilu biyu suka zuba rawaya a ƙasan gareji,
amma idon shiru.

Saura ta uku, mai zuwa jikin ƙarfe.
Ba ta kai wa fitila komai,
da ita da babu, hanya za ta haska.
Aikinta ɗaya: ta ba ɗan idon hanyar komawa gida,
ya samu ya ce maka, ka bar wuta a kunne.
Notin da na ɗaura ta ya sha fenti da tsatsa.
Ya zaro wuƙarsa ta yankan tuffa, ya ce ba ni wuri.

Nan na gani.
Ya lalubi notin da yatsa kafin wuƙa ta same shi,
ya kankare gefe, inda babu komai,
ya dawo.
Hasken tocilata ya faɗa idonsa na hagu,
na ga yana, fara-fara,
kamar madara ta ɗiga a shayi.

Wato hazon ya riga mu shiga mota.

Ƙarfe ya fito fes. Na ɗaure tamau, na naɗe da salatif.
Danna. Ƙas. Idon ya buɗe.
Na ce, "Kana ganinsa?"
Ya ce, "Tar."
Sai da ya karkatar da kai dama kafin ya faɗa.

Shayi ya huce a kan murfin injin.
Na naɗe ragowar waya a hannu,
ina lissafin kuɗin likita a Düzce,
da ranar da zan ce ina bukatar rakiya,
don in na ce shi ne, ba zai je ba.

Asuba ya tayar da mota.
Taku ashirin, hazo ya shanye bodin da katakon,
ya bar min ƙarar giya ta biyu tana hawan dutse.